Kebul ɗin siriyal tsakanin saba biyu: abin da yake yi da inda ƙarfinsa ya ƙare

"Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba magunguna a Kano. Muna da saba biyu masu Linux, wato manyan kwamfutocin da sauran na ofis suke dogara da su. Ɗaya ce ke riƙe da rumbun bayanan kaya da na ciniki, ɗayar kuma tana ajiye ne don ko-ta-kwana. Ina so idan ta farko ta mutu, ta biyu ta karɓi aiki da kanta ba sai an kira ni da tsakar dare ba. Na karanta a wasu tsofaffin bayanai cewa a haɗa su da kebul ɗin siriyal. Na sayo kebul a kasuwa na jona, amma shiru kake ji. Shin kebul ɗin ne da matsala, ko hanyar ce ta tsufa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a cikin riga ɗaya. Ta farko, me ya hana kwamfutocin jin juna ta wannan kebul. Ta biyu, wadda ta fi nauyi, ko da sun ji junan, shin hakan zai ba ka abin da kake nema, wato ka yi barcinka ba tare da wayar maigida ta tashe ka ba. Mai yiwuwa kebul ɗin da ka sayo ba irinsa ake so ba, kuma wannan gyaransa ba wuya. Hanyar kuwa ta tsufa, amma dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ta yana nan daram, kuma shi nake so ka kama, don shi ne zai nuna maka inda za ka kashe kuɗi da lokaci.

Abin da kebul ɗin yake ɗauka

Da farko a cire wani zato da mutane da yawa ke yi. Kebul ɗin siriyal ba ya kwashe bayanai daga wannan saba zuwa waccan, ba ya kuma haɗa ƙarfinsu su zama kwamfuta ɗaya. Abin da ke bi ta cikinsa ɗan gajeren saƙo ne da kowacce ke aika wa 'yar'uwarta duk bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, ma'anarsa kawai "ina nan da rai". Shi ake kira bugun zuciya. Idan saba ta biyu ta daina jin wannan bugu na wani lokaci da aka ƙayyade, sai ta ɗauka ta farko ta mutu, ta ɗauki adireshin IP ɗin da ma'aikata ke amfani da shi, ta buɗe faifan bayanai, ta kunna manhajar rumbun.

To me ya sa ba a aika wannan saƙo ta kebul ɗin Ethernet da dama yake jone ba? Ana aikawa. Matsalar ita ce shiru yana da fassara biyu. Ko dai 'yar'uwar ta mutu da gaske, ko kuwa tana nan lafiya lau, hanyar ce ta yanke: suwic, wato akwatin da ke haɗa kwamfutocin ofis, ya ɗauke, wani ya taka waya, ko an canza dokar katangar tsaro ta toshe ƙofar saƙon. Saba ba ta da ido, ba ta iya bambance waɗannan biyun. Idan hanya ce ta yanke, kowacce za ta ce ɗayar ta mutu, kowacce ta naɗa kanta sarauta. Sai ka samu kwamfuta biyu da adireshi ɗaya, kowacce tana rubuta nata lissafin. Masu wannan sana'a suna kiransa rabuwar ƙwaƙwalwa, kuma ya fi mutuwar saba muni, domin saba da ta mutu tana barin bayananta yadda suke, masu rai biyu kuwa suna ɓata su.

Nan ne siriyal ya samu shiga. Ba ya bi ta suwic, ba ya bi ta katin Ethernet, ba ruwansa da IP ko katangar tsaro. Duk abin da zai kashe hanyar sadarwar ofis ba zai taɓa shi ba. Ba Linux kaɗai ta yi wannan dabara ba. Tsarin HACMP na kamfanin IBM yana da hanyar bugun zuciya ta RS-232, wato ƙa'idar da siriyal ke bi, kuma tsofaffin na'urorin tsaro na Cisco PIX ana haɗa biyu da wani gajeren kebul na siriyal wanda aka rubuta wa kowane baki matsayinsa, na babba da na mataimaki. A Linux kuwa manhajar Heartbeat ce, ta aikin Linux-HA wanda Alan Robertson ya jagoranta tun ƙarshen shekarun 1990, kuma kusan tabbas bayanan da ka karanta a kanta suke magana.

Dalilin da naka ya yi shiru

Ƙa'idar RS-232 ta fito ne a 1960, kuma an tsara ta don haɗa na'ura da modem. Saboda haka kebul na yau da kullum miƙaƙƙe ne: fil na 2 (fil shi ne ɗan tsinken ƙarfe na cikin soket) a wannan baki yana zuwa fil na 2 a wancan, na 3 zuwa na 3, haka har ƙarshe. A soket mai fil tara da ke bayan kwamfuta, fil na 3 shi ne baki mai aikawa, na 2 shi ne kunne mai karɓa, na 5 kuma wayar ƙasa ta lantarki. Idan ka haɗa kwamfuta biyu da miƙaƙƙen kebul, ka haɗa baki da baki ne, kunne da kunne. Kowacce tana magana, ba mai saurare.

Abin da kake buƙata shi ne kebul mai gicciye, wanda ake kira null modem, mai bakin mace a ɓangarorin biyu. A cikinsa fil na 2 yana zuwa na 3, na 3 zuwa na 2, na 5 zuwa na 5. Cikakkensa yana ƙara gicciya 7 da 8, sannan na 4 a kowane ɓangare ya tafi 6 da 1 na ɗaya ɓangaren. Daga waje ba ka iya bambance su, kuma mai shago sau da yawa shi ma bai sani ba, duk "kebul ɗin siriyal" yake kiransu. Ɗauki mitar gwajin lantarki, ka sa ta a kan ƙara, ka tura siririyar waya a ramin 2 na wannan baki, ka nemi inda za ta yi kuka a wancan. In ta yi a rami na 2, miƙaƙƙe ka sayo. In ta yi a na 3, ci gaba ka gwada 7 da 8.

Kada ka tsallake gwajin 7 da 8 ɗin nan. Akwai kebul mai araha da wayoyi uku kacal a ciki. Zai wuce gwajin hannu, ka ga rubutu ya fito a ɗaya ɓangaren ka yi murna, amma Heartbeat tana amfani da waɗannan fil biyu wajen neman izinin aikawa. In babu su sai ta zauna jiran izinin da ba zai zo ba, kundin rahotonta ya cika da ƙorafin TTY write timeout. Na taɓa ɓata yini guda ina zargin manhaja, ashe wayoyi biyu ne babu a cikin roba.

Idan kebul ya tabbata, sai a duba ɓangaren kwamfuta. Abin da Windows ke kira COM1 shi ne /dev/ttyS0 a Linux, COM2 kuma /dev/ttyS1. Umarnin dmesg | grep tty zai nuna maka ko tsarin ya ga tashar, galibi za ka ga an ambaci 16550A, sunan ɗan guntun da ke sarrafa ta. In ba ka ga komai ba, leƙa BIOS, domin wasu sabobin suna zuwa da tashar a kashe, wasu kuma an karkatar da ita ga katin kula da saba daga nesa, ta yadda soket ɗin da ke baya ba ya jone da komai. Sannan ka daidaita gudu a ɓangarorin biyu da stty -F /dev/ttyS0 19200 raw -echo. A saba ta farko ka rubuta cat /dev/ttyS0 ka bar ta tana saurare, a ta biyu ka rubuta echo gwaji > /dev/ttyS0. Kalmar ta fito? Sai ka juya, ta biyu ta saurara, ta farko ta aika. Dole a gwada ta kowane ɓangare, don waya ɗaya na iya tsinkewa ɗayar tana aiki. In ka ga tarkacen haruffa marasa ma'ana, gudun ne bai zo ɗaya ba. In aka ce ba ka da izini, ko dai ka yi a matsayin root, wato mai cikakken iko a tsarin, ko ka shiga rukunin dialout.

Akwai kuma mai kutse da ake mantawa da shi. Idan an kunna serial-getty@ttyS0, ko an sa console=ttyS0 a layin tayar da tsarin, to akwai wata manhaja da ta riga ta zauna a kan tashar tana jiran a shigar da suna da kalmar sirri, ita za ta riƙa haɗiye saƙonnin. Kashe ta kafin komai.

Game da tsawo, abin da aka saba faɗa shi ne kada a wuce mita 15, amma saba biyu a ɗaki ɗaya mita biyu ya ishe su. Abin da ya fi tsawo muhimmanci a irin yanayinmu shi ne wuta. RS-232 yana haɗa ƙasan kwamfutocin biyu kai tsaye ta fil na 5, saɓanin Ethernet da ke da 'yar taransifoma a kowane baki tana raba su. Idan saba ɗaya tana kan inbata ɗayar tana kan layin janareta, kuma wayar ƙasa ta ginin ba ta da kirki, bambancin wutar zai bi ta wannan siririyar waya, ya lalata saƙo ko ya ƙona tashar. Ka tabbatar ƙasansu ɗaya ce.

Idan Heartbeat za ka yi amfani da ita

Saitinta na gargajiya fayil uku ne a cikin /etc/ha.d. A ha.cf za ka sa serial /dev/ttyS0 da baud 19200, sannan ka ƙara hanya ta biyu ta Ethernet da bcast ko ucast, wadda ke bi ta ƙofar UDP mai lamba 694. Layin keepalive 2 yana nufin a buga duk daƙiƙa biyu, deadtime 30 kuma a jira daƙiƙa 30 na shiru kafin a yanke hukuncin mutuwa, initdead 120 na lokacin da aka kunna kwamfuta ne, don a ba ta damar gama tashi. Sunayen da za ka sa a layin node dole su zama daidai da abin da uname -n ke bayarwa, harafi da harafi. Fayil na biyu, authkeys, yana riƙe da mabuɗin sirri, kuma in ba a taƙaita izininsa zuwa 600 ba manhajar ba za ta tashi ba. Na uku, haresources, shi ne jerin ayyukan da za a miƙa, kuma dole ya zama iri ɗaya a sabobin biyu.

Mutane suna son rage deadtime zuwa daƙiƙa uku ko biyar don a karɓi aiki da sauri. Ban ba da shawarar haka ba. Saba da ke fama da nauyi, misali lokacin kwafar ajiyar dare, tana iya makara da bugu, sai 'yar'uwarta ta yi mata juyin mulki alhali tana tsakiyar aiki. Jiran rabin minti bai kai asarar da wannan zai jawo ba.

Inda zamani ya wuce shi

A siriyal kowane harafi yana cin bit goma, takwas nasa, ɗaya na farawa, ɗaya na tsayawa. Gudun 19200 ke nan yana ɗaukar bayit 1,920 a daƙiƙa. Ko ka kai shi 115200, wanda shi ne ƙololuwar yawancin tashoshin kwamfuta, bayit 11,520 ne. Gigabayit ɗaya a wannan gudu zai ci kusan kwana guda cur, abin da kebul ɗin Ethernet na gigabit zai kwashe cikin kimanin daƙiƙa goma.

Wannan bai dami tsohuwar Heartbeat ba, don "ina nan" kawai take cewa. Amma daga sigarta ta biyu aka shigo da mai kula da ayyuka wanda daga baya ya balle ya zama Pacemaker, ƙarƙashin Andrew Beekhof. Pacemaker yana riƙe da cikakken bayanin gungun, wato sabobin da aka haɗa su yi aiki tare, a tsarin XML, kuma sabobi suna musayarsa a tsakaninsu. Bayani mai kilobayit 50 a gudun 19200 zai ɗauki kusan daƙiƙa 26, bugun zuciya yana bayansa a layi yana jira. Hanyar da aka kafa don ta hana ruɗani sai ta zama ita ce mai jawo shi. Yau abin da Red Hat da SUSE da Debian da Ubuntu suke tafiya a kai shi ne Pacemaker tare da Corosync, manhajar da ke kai saƙo da bugun zuciya tsakanin sabobi, kuma Corosync ba ta san tashar siriyal ba sam, da IP kawai take magana. Haka ma tsarin gungu na Windows Server, ta hanyar sadarwa yake aika bugunsa.

Wani zai ce ai ana iya ɗora IP a kan siriyal da pppd. Gaskiya ne, yana aiki, na gwada don sha'awa, har ping yana wucewa. Amma Corosync tana zagaya wata alama tsakanin sabobi da ƙa'idar lokaci ta 'yan daƙiƙu ƙalilan, kuma siririyar hanya irin wannan tana cika da zarar an yi wani canji. Ba zan ɗora lissafin kamfani a kanta ba. Na'urar da ke mayar da USB siriyal ma haka: in ta ɗan motsa ta sake jonuwa tana iya dawowa da sunan ttyUSB1 maimakon ttyUSB0, manhaja kuwa tana can tana sauraren tsohon suna.

Da ni ne a kujerarka

Zan sayi katin Ethernet na biyu ga kowace saba, in ma ba su zo da shi ba, in haɗa su kai tsaye da gajeren kebul ba tare da suwic a tsakani ba. Katunan gigabit suna gane juna da kansu, ba sai ka nemi kebul mai gicciye ba. In ba su adireshi na daban, kamar 10.10.10.1 da 10.10.10.2, in sa wannan a matsayin hanya ta biyu a Corosync. Siga ta 3 tana karɓar hanyoyi har takwas. Wannan ya ba ka abin da siriyal ke bayarwa, wato hanyar da mutuwar suwic ba ta shafa, ga kuma faɗin da zai ɗauki kwafar bayanai.

Kwafar bayanan nan ba ka ambace ta a tambayarka ba, kuma ita ce rabin aikin. Saba ta biyu in ta karɓi adireshi ba ta da lissafin yau, me ta karɓa? Ko dai ka yi amfani da kwafin da manhajar rumbun ke yi da kanta, PostgreSQL da MariaDB duk suna da shi, ko ka sa DRBD, wanda ke kwafar faifai sukutum daga wannan saba zuwa waccan kuma yana cikin ƙwayar Linux (kernel), wato zuciyar tsarin, tun siga 2.6.33 a 2010.

A kan DRBD ɗin ne na koyi darasin da ya canza mini tunani. Wani ofis da na yi wa aiki, sabobinsu biyu suna kan inbata mai ƙarfi, amma suwic ɗin yana kan ƙaramin UPS da batirinsa ya gaji. Hanyar bugun zuciya ɗaya ce, ta cikin suwic ɗin. Aka ɗauke wuta, kafin maigadi ya tayar da janareta suwic ya mutu, sabobin suna raye. Da wuta ta dawo kowacce tana ganin ita ce babba, wasu ma'aikata suna rubutu a wannan, wasu a waccan, har zuwa la'asar kafin a lura. DRBD ya ƙi haɗa su, kuma daidai ya yi, don ba shi da hanyar sanin wane lissafi ne na gaskiya. Sai da muka zaɓi ɗaya muka zubar da canje-canjenta, aka zauna da rasit na takarda ana sake shigarwa. Laifina ne, ni na tsara shi haka.

Da akwai hanya ta biyu, da ta hana wannan a ranar. Amma hanyoyi biyu ma suna iya yankewa tare, ko saba ta daskare na minti ɗaya ta farfaɗo bayan an riga an gaje ta. Maganin da ya kai tushe shi ne kada mai gado ta taɓa faifai sai ta tabbatar da mutuwar ta farko, kuma hanyar tabbatarwa ita ce ta kashe ta da hannunta. Shi ake kira STONITH. Ana yin sa ta katin kula da saba daga nesa, iDRAC a injinan Dell, iLO a na HP, ko IPMI gaba ɗaya, kuma Pacemaker yana da wakilin fence_ipmilan don wannan. Bayanai da yawa a intanet suna cewa a kashe STONITH don saiti ya yi sauƙi. Wannan na ɗakin gwaji ne, kada ka kai shi inda ake lissafin kuɗi.

Shi ma yana da raunin da ya kamata ka sani. A gungu mai saba biyu, in hanya ta yanke kowacce za ta zabura ta kashe ɗayar, suna iya kashe juna a lokaci guda. Ana magance wannan da jinkiri, a sa pcmk_delay_base a ɓangare ɗaya don babbar ta riga harbi. Sannan katin IPMI yana shan wuta ne daga sabar da yake ciki. In wutar sabar ta yanke gaba ɗaya, katin ma ya mutu, umarnin kisa ba zai samu amsa ba, ta biyu kuwa za ta tsaya cak ta ƙi karɓar aiki. Wannan tsayawar da gangan aka tsara ta, amma tana nufin a irin wannan dare wayarka za ta yi ƙara. Saba mai akwatin karɓar wuta (power supply) biyu, kowanne a kan layi daban, tana rage faruwar haka. Ƙuri'a ta uku ma tana taimakawa: ƙaramar kwamfuta, ko da Raspberry Pi ce, mai ɗauke da corosync-qnetd, wadda za ta raba gardama ta ce wa ke da rinjaye. Ka ajiye ta a kan wutar da ba ta sabobin ba.

Duk wannan shawara na gina ta ne a kan cewa sabobin naka na gaske ne masu katin kula daga nesa. In kwamfutocin tebur ne aka mayar saba, ba su da IPMI, to ni ba zan sa su karɓi aiki da kansu ba. Zan bar kwafar bayanai tana gudana, in rubuta matakai biyar a takarda in manna a jikin akwatin: a zare wutar ta farko, a tabbatar ta mutu, sannan a ɗaga ta biyu. Mutum mai zare soket shi ma STONITH ne, kuma ba ya kuskuren fassara shiru. Ka kuma tuna gungu ba ya maye gurbin ajiyar bayanai ta daban. In wani ya goge tebur a rumbu bisa kuskure, DRBD zai kwafi gogewar zuwa ɗaya sabar nan take.

Kebul ɗin da ka sayo kuwa, in ka samo mai gicciyen, yana da aikin da har gobe ba a raina shi. Sa console=ttyS0,115200 a layin tayar da babbar sabar, ka kunna serial-getty a kanta, ka jona ɗaya bakin a ta biyu. Ranar da ta farko ta ɓace daga hanyar sadarwa, sai ka shiga ta biyu daga gida, ka rubuta screen /dev/ttyS0 115200, ka ga abin da take faɗa, har saƙon faɗuwar ƙwayar tsarin in ita ce ta faɗi. Sai dai kada ka kunna getty a ɓangarorin biyu na kebul ɗaya, don kowacce za ta ɗauki gaisuwar ɗayar a matsayin sunan mai shiga, su yi ta amsa wa juna ba iyaka. In kana son kowacce ta leƙa 'yar'uwarta, kebul biyu za ka sa, kuma a nan na'urar USB ɗin ta wadatar a ɓangaren mai leƙawa.